BABI NA UKU: ZAƁE DA SAITA KATANGAR TSARO A KWAMFUTAR GIDA A ƘARAMAR HUKUMAR SAKABA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan shigowar kwamfuta da intanet ƙasar Zuru, da kuma ire-iren ayyukan da jama'a suke gudanarwa da su. Shi kuwa wannan babi zai mayar da hankali ne a kan ɗaya daga cikin hanyoyin kare kwamfutar gida daga masu kutse, wato katangar tsaro. Za a fara da kawo ma'anarta da taƙaitaccen tarihinta, sannan a bayyana yadda take aiki. Daga nan sai a dubi yanayin da kwamfutar gida take ciki a Ƙaramar Hukumar Sakaba, domin shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen zaɓen katangar da ta dace da kuma saita ta. Manufar babin ita ce a nuna cewa katangar da take zuwa tare da babbar manhajar kwamfuta ta wadatar da mai aiki a gida, matuƙar an bar ta a kunne, an saita ta daidai, an kuma san inda ƙarfinta ya tsaya.

3.1 Ma'anar Katangar Tsaro

Katangar tsaro, wadda masu gyaran kwamfuta suka fi sani da sunan fayawol, manhaja ce ko na'ura da take tsayawa tsakanin kwamfuta da sauran kwamfutocin duniya, tana duba duk saƙon da zai shiga ko zai fita. Wanda ƙa'ida ta yarda da shi sai ta bar shi ya wuce, wanda kuwa ba ta yarda da shi ba sai ta tare shi. Asalin kalmar a Ingilishi daga fannin gini aka aro ta, inda take nufin bango mai kauri da akan gitta a tsakiyar gini domin idan gobara ta tashi a wani sashe kada ta tsallaka zuwa wani.

Ga Bahaushe kuwa, babu abin da ya fi kusa da wannan ma'ana kamar ganuwa. Biranen ƙasar Hausa na dauri, irin su Kano da Katsina da Zariya, duk an kewaye su da ganuwa, haka ma Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya mayar hedikwatar daular Kabi a ƙarni na 16. Ganuwa ba ta hana hulɗa da waje, domin kullum fatake da baƙi da manoma suna shiga suna fita. Abin da take yi shi ne taƙaita shige da fice ga wasu sanannun ƙofofi, kowace da sarkin ƙofarta wanda yake lura da masu wucewa. Wannan shi ne ainihin aikin da katangar tsaro take yi wa kwamfuta, shi ya sa aka zaɓi a yi amfani da kalmomin katanga da ƙofa a cikin wannan nazari.

Katangar tsaro iri biyu ce. Akwai wadda take zaune a cikin na'ura ta daban, kamar rauta, wato na'urar da take rarraba intanet ga kwamfutoci da wayoyi, tana kare duk abin da yake bayanta. Akwai kuma wadda take manhaja ce a cikin ita kanta kwamfutar, tana kare ta ita kaɗai a duk inda aka je da ita. Wannan nau'i na biyu shi ne ya fi shafar kwamfutar gida.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Katangar Tsaro

A watan Nuwamba na shekarar 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta ƙasar Amurka mai suna Robert Morris ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, irin wadda masana suke kira tsutsa. An ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kusan 6,000, adadin da yake mai yawa idan aka dubi ƙanƙantar intanet a wancan lokaci. Wannan lamari ya farkar da masana game da haɗarin barin ƙofofin kwamfuta a buɗe. A shekarar 1994 William Cheswick da Steven Bellovin suka wallafa littafinsu a kan katangar tsaro, wanda ya zama madogara a fannin, a kuma wannan shekara ce kamfanin Check Point ya fitar da katangarsa mai suna FireWall-1. Sai dai a wannan zamani manyan kamfanoni da jami'o'i ne kawai suke amfani da katanga.

Kwamfutar gida ba ta shiga wannan tsari sosai ba sai daga wajajen shekarar 2000, lokacin da manhajoji irin su ZoneAlarm suka bazu a kyauta. Da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a 2001 ya sanya mata katanga, amma a kashe take zuwa, kuma akasarin masu amfani ba su san da ita ba. Sakamakon haka ya bayyana a watan Agustan 2003, lokacin da tsutsar Blaster ta riƙa shiga kwamfutoci ta ƙofa mai lamba 135, sannan a 2004 tsutsar Sasser ta biyo ta ƙofa mai lamba 445. Duka biyun ba su buƙatar mai kwamfuta ya buɗe wani fayil ko ya danna wani abu. Haɗuwa da intanet kawai ya isa. Wannan ne ya sa a watan Agustan 2004 kamfanin ya fitar da babban gyara na biyu na Windows XP, wanda ya mayar da katangar a kunne tun daga farko. Tun daga lokacin kowace Windows da katangarta a kunne take zuwa.

Duk da haka matsalar ba ta kau ba. A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ciki har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Ita ma ta ƙofa mai lamba 445 ta shiga, alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekara aka fitar da gyaran da yake toshe kafar. Darasin da yake cikin wannan tarihi shi ne, yawancin ɓarnar ta faru ne a inda aka bar katanga a kashe, ko aka bar ƙofa a buɗe ba da wani dalili ba, ko kuma aka yi sakaci da sabunta manhaja.

3.3 Yadda Katangar Tsaro Take Aiki

Duk bayanin da yake tafiya a intanet, ko hoto ne ko wasiƙa ko murya, akan yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda ya fito da adireshin inda za shi, da kuma lambar ƙofar da zai shiga. Adireshi shi ne yake nuna kwamfuta, kamar yadda lambar gida take nuna gida, ita kuwa lambar ƙofa tana nuna hidimar da ake nema a cikin kwamfutar. Lambobin ƙofofi sun fara daga 0 zuwa 65,535, amma kaɗan ne daga cikinsu suka shahara. Alal misali, ƙofa ta 80 da ta 443 na shafukan intanet ne, ƙofa ta 445 ta musayar fayiloli da firinta ce tsakanin kwamfutocin Windows, ita kuwa ta 3389 ta sarrafa kwamfuta daga nesa ce.

Katanga tana aiki ne da jerin ƙa'idoji. Idan ƙunshi ya iso sai ta auna shi da waɗannan ƙa'idoji ta fuskar adireshi da ƙofa da kuma manhajar da take jiran sa. Katangun farko kowane ƙunshi shi kaɗai suke dubawa, ba su tuna abin da ya gabata. Na zamani kuwa suna riƙe da lissafin duk hulɗar da kwamfuta ta fara da kanta. Idan mai kwamfuta ya nemi shafin wata jarida, katanga takan rubuta cewa an aika saƙo zuwa adireshi kaza, saboda haka idan amsa ta dawo daga can sai ta buɗe mata. Idan kuwa ƙunshi ya zo ba tare da an aika a kira shi ba, sai ta yar da shi. Misalinsa kamar mai gida ne da ya aiki yaro kasuwa. In yaron ya dawo ba a tsayar da shi a zaure, amma baƙon da ba a sani ba dole ya yi sallama ya jira izini.

Wani abin lura a nan shi ne bambancin da yake tsakanin saƙo mai shigowa da mai fita. Katangar Windows, kamar yadda take zuwa daga kamfani, tana tare duk mai shigowa in ban da wanda aka yi wa ƙa'ida ta musamman, amma tana barin duk mai fita ya wuce. Ma'anar wannan ita ce, idan muguwar manhaja ta riga ta shiga kwamfuta ta wata hanya, za ta iya aika bayanai waje ba tare da an tare ta ba. Za a sake komawa kan wannan batu a sashe na 3.6 da na 3.7.

3.4 Yanayin Kwamfutar Gida a Sakaba

Sakaba ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Tana cikin ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi Masarautar Zuru, sauran ukun su ne Zuru da Fakai da Danko-Wasagu. Hedikwatarta tana Dirin Daji, kuma tana iyaka da Jihar Neja. Akasarin jama'arta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, saboda haka kwamfutar gida ta fi yawa a hannun malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da na lafiya da kuma ɗaliban manyan makarantu. Galibi kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta hannu, wadda aka saya da manhajojinta a ciki. A cikinta ne ake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai da kundin bincike da lissafin kasuwanci, da ita kuma ake shiga asusun banki. Haka nan tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, 'yan makaranta suka ƙara matsa wa kwamfutar gida domin gwaji, wanda ya sa hannaye da yawa suke taɓa kwamfuta ɗaya.

Kamar sauran yankunan karkara na Nijeriya, intanet ya iso wannan yanki ne ta hanyar wayar salula, wadda aka fara a ƙasar a shekarar 2001. Don haka kwamfuta takan samu intanet ne ta modem mai ɗauke da layin waya, ko ta ƙaramar rauta ta aljihu, ko kuma ta hotsifot ɗin wayar hannu. Wannan yana da muhimmanci ga batun katanga. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun a 2011 babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare. Saboda wannan ƙaranci, kamfanonin waya sukan tara masu hulɗa da yawa a bayan adireshi ɗaya, su ba kowa adireshi na cikin gida wanda ba a ganin sa daga waje. Sakamakon haka, mai kutsen da yake wata ƙasa yana laluben ƙofofin da aka bari a buɗe ba kasafai yake isa ga kwamfutar da take kan layin waya kai tsaye ba. Amma wannan kariya ce da ta zo bisa larura, ba a yi ta don tsaro ba, kuma sabon tsarin adireshi na IPv6 yana iya ba kowace na'ura adireshin da ake iya kai wa gare shi daga ko'ina.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa haɗarin da ya fi fuskantar kwamfutar gida a Sakaba na kusa ne. Ana iya kasa shi gida huɗu kamar haka:

(i) Hanyar sadarwa ta tarayya. Ɗalibin da ya tafi da kwamfutarsa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da take Zuru, ko wata makaranta a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko ma'aikacin da ya sauka a masauki ya hau Wi-Fi ɗin wurin, ya shiga zaure ɗaya ke nan da kwamfutocin da bai sani ba. A nan kariyar kamfanin waya ba ta da wani tasiri.

(ii) Filas. Kai takarda shagon buga takardu a filas, sannan a dawo a soka shi a kwamfutar gida, tsohuwar hanya ce ta yaɗuwar cuta. Tsutsar Conficker da ta ɓulla a 2008 ta yi amfani da filas da kuma ƙofa ta 445 duka biyu.

(iii) Manhajar sata. Manhajojin da aka fasa domin a kauce wa biyan kuɗi sau da yawa sukan zo da umarnin a kashe katanga da riga-kafi kafin a ɗora su, kuma ba kullum ake tunawa a sake kunna su ba.

(iv) Tsohuwar babbar manhaja. Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro ga Windows XP a watan Afrilun 2014, ga Windows 7 a Janairun 2020, ga Windows 8.1 a Janairun 2023, sannan tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

3.5 Zaɓen Katangar da Ta Dace

Bisa ga yanayin da aka bayyana, akwai ma'aunai huɗu da ya kamata a duba kafin a zaɓi katanga. Na farko shi ne asali, wato a tabbata daga hannun kamfanin da ya yi ta ta fito. Na biyu shi ne nauyi, domin tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi ba ta jure manhajar da take cinye mata ƙwaƙwalwa da batir, musamman a wurin da wutar lantarki ba ta tsayawa. Na uku shi ne kuɗi da data, tun da manhajar da take buƙatar biyan kuɗin shekara da kuɗin waje, ko sauke manyan fayiloli a kai a kai, ba za ta ɗore a hannun mai ƙaramin albashi ba. Na huɗu shi ne sauƙin fahimta, saboda katangar da take yawan yi wa mutum tambayoyin da bai gane ba, ƙarshenta ya riƙa amsa mata da "na yarda" ba tare da karantawa ba, ko ya kashe ta gaba ɗaya.

Idan aka ɗora waɗannan ma'aunai, katangar da take cikin Windows, wato Windows Defender Firewall, ita ce ta fi cika su. Ba a sayen ta, ba a sauke ta, ba ta da nauyi, kuma tana fara aiki tun lokacin da kwamfuta take tashi. Rauninta shi ne wahalar saita ƙa'idojin saƙo mai fita. Wanda yake son wannan iko yana iya ƙarawa da ƙananan manhajoji irin su TinyWall ko simplewall, waɗanda suke amfani da injin tacewa na ita Windows ɗin, su nuna manhajojin da suke neman fita. Akwai kuma cikakkun katangu na wasu kamfanoni kamar ZoneAlarm da Comodo, amma sun fi dacewa da wanda ya san abin da yake yi. Ba a so a haɗa cikakkun katangu biyu a kwamfuta ɗaya, domin ƙa'idojinsu sukan ci karo, intanet ya tsaya, a rasa wadda ta jawo.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne ɗora manhajar tsaro ta sata. Wanda ya yi haka ya ɗauki mai gadin da bai san asalinsa ba ya damƙa masa mabuɗan gida, tun da manhajar tsaro tana da ikon taɓa kowane sashe na kwamfuta. Ga wanda kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar sabuwar Windows kuwa, akwai zaɓin komawa babbar manhajar Linux, kamar Ubuntu, wadda kyauta ce kuma ana ci gaba da sabunta ta. Tana zuwa da katanga mai suna ufw, sai dai a kashe take, dole a kunna ta da umarnin sudo ufw enable. Haka ma kwamfutocin Apple, katangarsu ba a kunne take zuwa ba sai an shiga saiti an kunna.

3.6 Matakan Saita Katanga

Waɗannan matakai sun shafi Windows 10 da Windows 11, kuma an jera su bisa muhimmanci.

Mataki na ɗaya shi ne tabbatar da cewa katanga tana kunne. Ana shiga Windows Security, a buɗe sashen katanga da kariyar hanyar sadarwa. A nan za a ga rukuni uku: na ma'aikata, da na gida, da na bainar jama'a. Wajibi ne duka ukun su nuna a kunne suke. Duk kwamfutar da aka saya ta hannu, ko aka karɓo daga wurin gyara, wannan ne abu na farko da ya kamata a duba. Idan aka tarar da ƙa'idoji barkatai da ba a san wanda ya sa su ba, akwai maɓallin mayar da katanga yadda ta fito daga kamfani, sai a danna shi a fara daga tushe.

Mataki na biyu shi ne zaɓen rukunin da ya dace ga kowace hanyar sadarwa. Rukunin gida yana barin wasu kwamfutoci su ga kwamfutar, rukunin bainar jama'a kuwa yana ɓoye ta. Tun da akasarin gidaje kwamfuta ɗaya ce, babu wata da za a yi musayar fayil da ita, abin da ya fi shi ne a sa kowace hanya a rukunin bainar jama'a, har da hotsifot ɗin wayar mai gida. Yin haka ba ya rage saurin intanet ko hana buɗe shafuka.

Mataki na uku shi ne rufe ƙofofin da ba a amfani da su. A kashe musayar fayil da firinta, wadda ita ce take buɗe ƙofa ta 445, a kuma kashe sarrafa kwamfuta daga nesa, mai amfani da ƙofa ta 3389. Idan za a hau Wi-Fi na makaranta ko masauki, akwai akwatin da ake sa wa alama domin a tare duk saƙo mai shigowa, har da na manhajojin da aka yarda da su a baya.

Mataki na huɗu shi ne tantance jerin manhajojin da aka ba izinin karɓar saƙo. Duk wadda ba a gane ba, ko aka daina amfani da ita, sai a cire mata alama. Idan katanga ta fito da tambaya a lokacin da ake tura fayil daga waya zuwa kwamfuta da manhaja irin Xender, wannan tambaya tana da dalili. Idan kuwa ta fito alhali ba a buɗe komai ba, amsar da ta dace ita ce a ƙi. Kullum ya fi kyau a ba manhaja guda izini da a buɗe lambar ƙofa, domin izinin manhaja yana aiki ne kawai sa'ad da take gudana.

Mataki na biyar ya shafi saƙo mai fita. Ta hanyar rubuta wf.msc ana isa ga babban shafin ƙa'idoji, inda za a iya hana wata manhaja fita intanet. Wannan yana da amfani biyu ga mai kwamfuta a Sakaba: yana rage yiwuwar fitar da bayanansa a ɓoye, yana kuma hana manhajojin da ba su da buƙatar intanet cinye masa data. Sai dai a yi hattara kada a toshe hanyar sabunta Windows da ta riga-kafi da sunan tattalin data, domin wannan tsimi ne da yake jawo asara.

Mataki na shida shi ne kula da rauta ko hotsifot. A canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, a yi amfani da tsarin kulle na WPA2 ko WPA3, a kuma kashe damar sarrafa ta daga waje. A shekarar 2016 manhajar Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da kamfanoni suke sawa tun daga masana'anta.

Mataki na ƙarshe shi ne raba asusu. Mai kwamfuta ya riƙe asusun gudanarwa da kalmar sirrinsa, ya buɗe wa yara da sauran 'yan gida asusu na gama-gari, wanda ba shi da ikon kashe katanga.

3.7 Inda Ƙarfin Katanga Ya Tsaya

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Komai tsawon ganuwa ba ta maganin wanda aka shigo da shi ta ƙofa da rana tsaka. Katanga ba ta duba abin da yake cikin filas, ba ta kuma gane cewa fayil ɗin da mai kwamfuta ya sauke da hannunsa yana ɗauke da cuta. Wannan aikin manhajar riga-kafi ne, kamar Microsoft Defender wadda ita ma take cikin Windows. Haka kuma ba ta toshe kafar da take jikin manhajar da aka riga aka ba izini, sai dai sabuntawa ta toshe ta.

Bugu da ƙari, katanga ba ta da maganin yaudara. Wanda aka aiko wa saƙon ƙarya da sunan banki ko na tallafin gwamnati, ya buɗe shafin ya rubuta lambarsa ta BVN ko lambar sirrin da banki ya turo masa, katanga za ta bar saƙon ya wuce, domin a wurinta hulɗa ce da mai kwamfuta ya fara da kansa. Haka abin yake ga manhajojin taimako daga nesa irin su AnyDesk da TeamViewer. Halastattun manhajoji ne, amma da yake daga ciki suke fara hulɗa, idan ɗan damfara ya shawo kan mutum ya ɗora su ya ba shi lamba, ya shiga ke nan ba tare da ya taɓa katanga ba.

Ta fuskar shari'a, Dokar Laifuffukan Intanet ta Nijeriya ta shekarar 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta mayar da shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi mai hukunci. Amma hukunci yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma ba ya dawo da kundin da aka kulle ko sakamakon jarrabawar da ya salwanta. Saboda haka ajiye kwafin muhimman fayiloli a wata ma'ajiya ta daban, wadda ba a barin ta a jone da kwamfuta, ya zama abokin tafiyar katanga.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an kawo ma'anar katangar tsaro tare da kwatanta ta da ganuwar biranen ƙasar Hausa, an bi tarihinta daga 1988 zuwa 2017, an kuma bayyana yadda take tantance saƙo ta hanyar adireshi da lambar ƙofa. An nuna cewa da yake kwamfutar gida a Sakaba ta layin wayar salula take samun intanet, haɗarin da ya fi kusa da ita yana tattare ne da hanyar sadarwa ta tarayya da filas da manhajar sata da kuma tsohuwar Windows. Bisa ga haka aka fifita katangar da take zuwa da babbar manhaja a kan wadda za a saya ko a sato, aka kuma jera matakai bakwai na saita ta, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar kashe kuɗi. Daga ƙarshe an nuna cewa katanga ba ta wadatarwa sai an haɗa ta da riga-kafi da sabuntawa da ajiye kwafi da kuma lura ta mai kwamfuta. Babi na gaba zai yi nazari a kan manhajojin riga-kafi da hanyoyin tsabtace filas.